Burodi Mai Zabibi

Shafi na 9

*Wannan shafin naku ne, ku da kuka hana ni shan shayi da zafinsa kuna tambayar me ya hana Kaka Malachy tafiya Boston.*

"Wa ya aike ki kotu?"

"Babu wanda ya aike ni, Kaka. Ƙafata ce ta kai ni."

"Makaranta kika ce min za ki bincika. Da kunnena na ji."

Nuala ta tuɓe rigar ruwanta ta rataye a bayan ƙofa, tana satar kallon kakan nata. Yana nan inda ta bar shi da safe, gefen murhu, takalmin maƙwabcinsu kife a cinyarsa, ƙananan ƙusoshi a leɓensa. An daɗe da rufe shagonsa, amma har yau duk takalmin da ya buɗe baki a unguwar nan gidan Malachy Devane ake kawo shi.

"Makarantar na nema," ta ce. "Matar da ke kula da tsofaffin takardun gunduma ta ce na makarantarku rabi ruwa ya ci, rabi ɓera. Amma ta ce kada in karaya, duk yaron da aka kai makarantar horo da sana'a a wancan zamanin sai da ya bi ta gaban alƙali. Shi ne ta ɗauko min na kotu."

Ya zubo ƙusoshin a tafin hannunsa.

"Kin gani ke nan."

"Na ga sunanka. Malachy Devane, ɗan shekara huɗu. Kaka, ka san har..."

"Zauna."

Ba tsawa ya yi ba. Da tsawar ce ma da sauƙi, don ta saba da ita, ta san yadda ake mayar da ita dariya. Wannan muryar ce ba ta sani ba. Ta ja kujera ta zauna, son jin labari na cin ta kamar yunwa.

Tun ranar da Dympna ta bugo waya daga birnin Boston na Amurka gidan nan bai sake zama daidai ba. Dympna, budurwarsa ta ƙuruciya, wadda ta tsaya a bakin jirgin ruwa da akwati biyu, nata da nasa, tana jiran saurayin da bai zo ba. Yanzu ta tsufa, ƙarshen wata za a yi mata aikin zuciya, kuma abu ɗaya ta roƙa: ya zo ya dubi idonta ya faɗa mata dalili. Nuala ta ga ya fito da kwat ɗinsa ta zuwa coci ya goge, ba ranar Lahadi ba. Amma da ta shimfiɗa masa takardun tafiya, yana cikin karantawa ya kai wani layi, sai ya ture su kamar ta ajiye masa garwashi. Abin da ya kai ta tonon tsofaffin takardu ke nan. Wai me wannan tsohon yake tsoro?

"Gara ki ji daga bakina," ya ce, idonsa a kan takalmin. "Ni ɓarawo ne, Nuala. Kotu ta tabbatar. Shekara goma sha biyu aka yanke min."

Dariya ta kuɓuce mata.

"Kai? Kai da ka bi mai kawo wasiƙa har bakin titi cikin ruwan sama don ya manta bironsa?"

Bai yi dariya ba.

Tata ma ta mutu a hanya.

"Me ka sata?"

"Burodi."

"Burodi kuma?"

"Mai zabibi. Ɗan ƙarami, bai fi dunƙulen hannunki ba. Samansa na sheƙin sukari."

Nuala ta dubi teburin. Sai ga kakarta marigayiya Bríd a idonta, zaune a wannan teburin, gilashi a kan hanci, tana tsince zabibi ɗaya-ɗaya daga burodin biki da bakin wuƙa kafin ta miƙa wa mijinta. Haka ta yi ta yi har ta koma ga Ubangiji.

"Ba ka ce mana zabibi na ɓata maka ciki ba?"

"Ba cikina yake ɓatawa ba."

"Kaka Bríd ta sani?"

"Da ta sani da kin sani. Kakarki ba ta iya riƙe magana ta kwana."

"To faɗa min. Tun daga farko. A wane shago ka ɗauka? Wa ya kama ka?"

"Ke dai uwar tambaya ce."

"Gado na yi. Wa ya kama ka?"

Ya ja numfashi.

"Shagon ban tuna ba. Abin da na riƙe kaɗan ne. An ɗora ni a kan kujera a tsaye don alƙali ya gan ni. Ɗan sanda a bayana. Burodin yana hannuna, har na gutsira. Alƙalin ya leƙo ta saman gilashinsa, ya dubi hannuna, ya yi magana, ya rubuta. Daga nan sai jirgin ƙasa."

"Shi ke nan?"

"Me kike so bayan wannan? A makaranta duk yaron da ya yi gigin tambayar me ya kawo shi, amsar malaman coci masu baƙar riga ɗaya ce: kotu ba ta aiko da yaran kirki. Ina kwance a gadon ƙarfe na haɗa abin da kaina. Kotu, ɗan sanda, burodi a hannu. Ko wawa ai ya gane."

Ruwan sama ya ƙara ƙarfi a kan taga. Nuala ta matso da kujerarta har gwiwarta na taɓa tasa.

"Dympna fa?"

Ya juya takalmin a cinyarsa.

"Na je Dublin, babban birninmu, neman bizar Amurka," ya ce. "Na sa sabon takalmi, ɗinkin hannuna. Na bi layi. Aka ba ni takarda, ina cikewa ina murmushi kamar sakarai, sai na kai tambayar. An taɓa yanke maka hukunci a kotu? A ƙasa kuma ga wurin rantsuwa."

"Wayyo Kaka."

"In ce a'a, na yi rantsuwar ƙarya. In ce e, a kore ni, labari ya riga ni isa gidansu. Kin san wane ne ubanta?"

"Ka taɓa cewa ɗan sanda ne."

"Saje Mulrooney. Ranar da Dympna ta kai ni gaishe shi, ina faɗin sunana ya tsaya da kofi a hannu yana kallona. Ya ce, 'Devane. Kai ne yaron kan kujera.' Ya tashi ya fita bayan gida, bai ƙarasa shayinsa ba. Shi ne ɗan sandan da ya tsaya a bayana, Nuala. Ya gane ni."

"Ya hana ka ita?"

"Bai hana ba. Ya dawo ya ba ni hannu. Abin da ya fi min ciwo ke nan. Mutum ya san ko kai wane ne, ya haɗiye, ya ba ka 'yarsa don kada ta yi kuka." Ya shafa fuskarsa. "Na ninke takardar bizar na sa a aljihu. Ranar da jirgi ya tashi ina shago ina buga ƙusa. Gara ta ce ba na son ta da ta ce ta so ɓarawo."

Hawaye ya cika idon Nuala, amma hannunta tuni ya shiga jaka. Ta ciro wayarta, ta buɗe hoton da ta ɗauka, ta ƙara girmansa da yatsu biyu.

"Sa gilashinka."

"Ba na son gani."

"To ni zan karanta. Malachy Devane, shekara huɗu. An same shi uwa ta rasu, uba ya tafi Ingila neman aiki bai waiwayo ba, babu mai kula da shi." Ta ɗago. "Shi ke nan, Kaka. Laifin ke nan gaba ɗaya. Babu burodi. Babu sata. Na karanta gaba na karanta baya."

"Amma sunana a gurbin wanda ake ƙara yake."

"E. Ni ma sai da na tambaya. Matar ta ce haka ake yi a lokacin, yaron ake rubutawa a nan, ko da jariri ne a hannu. Ta ce tsofaffi da yawa sun zo mata da irin tsoron nan naka."

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Leɓensa na motsi.

Sai ya miƙo mata.

"Takarda ba ta ci burodin nan ba. Ni na ci."

"Kaka!"

"Magatakarda ya ji tausayi ya rubuta mai sauƙi. Ke da kika yi jami'a, faɗa min. Ana cikin yaƙin duniya, sukari sai da katin rabo na gwamnati, masu iyaye ma ba sa gani. A ina yaron da ba uwa ba uba zai samu burodi mai sukari in ba sata ba?"

Nuala ta dubi hoton da ke wayarta. Gaskiya ne, daga ina burodin ya fito?

Ɗiiit! Ɗiiiiit!

Hon ɗin motarta ne, daga ƙofar gida.

"Yesu da Maryamu da Yusufu!" Ta miƙe zumbur. "Na manta da shi!"

"Da wa?"

Kafin ta kai ƙofa an turo ta. Wani dogon tsoho ya shigo, sanda a hannu, hularsa na ɗigar ruwa.

"Yarinya, ko kare aka bari a mota ai a sauke masa gilashi. Kin ce bari ki shirya shi ki dawo. Gawa kike shiryawa?"

"Yi haƙuri, Baba Con! Kaka, wannan Cornelius Tierney ne. A ɗakin takardu muka haɗu, yana neman inda aka binne mahaifiyarsa. Ya leƙo kafaɗata..."

"Ban leƙa ba. Ke kika buɗe littafin kamar kina shanya."

"...sai ya ga sunansa a saman naka. Rana ɗaya, kotu ɗaya."

Malachy bai tashi ba. Baƙon ya tako a hankali har gabansa, ya sunkuyo, ya ƙare masa kallo.

"Sittin da biyu," ya ce. "Kunnuwan nan dai suna nan kamar hannun tukunya."

Gudumar buga ƙusa ta zame daga cinyar Malachy ta faɗi ƙasa. Lambar da ake kiransa da ita a makarantar horo ke nan.

"Goma sha tara?"

"Con ake ce min yanzu. Ashe ina da suna."

Ba su rungumi juna ba. Hannu suka yi, kuma babu wanda ya saki. Nuala ta juya ta ɗora buta a wuta don kada su ga fuskarta.

"Ka tsufa," Malachy ya ce.

"Na girme ka da shekara biyar, ina da hujja. Kai mene ne naka?"

"Haƙoran nan naka ne?"

"Nawa ne mana, ni na saya." Con ya zauna ya miƙe ƙafa wajen murhu. "Ashe takalman dai ka riƙe. Ni ɗinki suka koya min, tun da na fito ban sake taɓa allura ba. Maɓalli ya cire, matata ke sawa."

Nuala ta zuba shayi. A mota sun yi hira mai yawa da Baba Con, amma zancen burodi yanzu ta fara jin sa a duniya. Ba ta san me zai ce ba. In ya ce bai tuna ba fa? In kuma ya ce e, sata aka yi, a gabansa? Da hannunta za ta rufe wa kakanta ƙofar da take son buɗewa.

Amma in ba ta tambaya ba, ba za ta yi barci ba har abada.

"Baba Con," ta ce, ta ajiye masa kofi. "Ranar kotun nan. Ka tuna wani burodi?"

"Nuala!" Malachy ya buga tebur.

Con ya tsaya da cokali a hannu. Fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila.

"Mai zabibi!"

Malachy ya juyo ya dube shi.

"Kai, yarinya, kin tuna min! Da ɗuminsa, sukari na manne wa mutum a yatsa. Na zaga Ingila na zaga Kanada ban sake cin irinsa ba."

"Kai ma... ka ci?" Malachy ya tambaya da ƙyar.

"Dukanmu muka ci. Mu huɗu ne ranar, ka manta? Ni, kai, da wasu 'yan mata biyu da aka kai gidan sistocin coci. Wata mata ce ke tsaye a ƙofar kotu da koriyar kwat, jaririya a kafaɗa, jakar takarda a hannu. Duk yaron da zai shiga ta danƙa masa ɗaya, ta ce, 'Ci, ɗana, kada ka kalli alƙali, kalli burodinka.'"

"Ba mu aka yi?" Malachy ya tambaya.

"To da fa? Sayar mana za ta yi, mu da ko takalmi ba mu da shi?" Con ya kurɓi shayi. "Kai ka cinye naka tun a kotu. Muna shiga jirgi ka buɗe baki, kuka kamar ana yanka ka. Na gutsira maka rabin nawa don ka bar mu mu ji da abin da ya dame mu. In akwai wanda ka ci wa burodi a duniyar nan, ni ne. Kuma kyauta na ba ka, ko da yake kafin tasha ta gaba na yi nadama."

Nuala ta toshe bakinta, dariya da kuka suka haɗe mata.

Con ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Wai me ake ciki? Na faɗi wani abu ne?"

"Ya ɗauka sata ya yi," ta ce. "Ya ɗauka saboda burodin aka kai shi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Con ya ajiye kofin a hankali. Wasa ya bar fuskarsa.

"Kai Sittin da biyu. Kai Malachy."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?" Muryar Malachy ta fashe. "Shekara nawa muna gida ɗaya!"

"Ka tambaye ni? Wa yake tambayar wani a can? Ku ƙanana kuna wancan ɓangaren, in aka ga babba na magana da ƙarami ka san abin da ke biyo baya. To bayan nan fa? Ba ka ji a rediyo ba, lokacin da aka yi ta zancen makarantun nan, ana cewa ba masu laifi ba ne mu?"

"Kashewa yake yi," Nuala ta ce a hankali. "Ana ambato ya kashe."

Malachy ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa, ya dube ta kamar bai san amfaninta ba.

"Matar," ya ce. "Mai koriyar kwat. Wace ce?"

"Af, duk garin an san ta. Duk ranar kotun yara tana nan, sukarin gidanta take tarawa. Mijin ya kai yara gaban alƙali, matar ta bi su da burodi. Uwata ta sha cewa shi kansa ba ya iya cin abinci a irin ranar."

"Mijin?"

"Sajen mana. Wanda ya ɗora ka a kujera." Con ya murza goshi. "Mul... Mulrooney. Matar Saje Mulrooney."

Nuala ta juya ta dubi kakanta.

"Jaririyar da ke kafaɗarta..." ta fara.

Ba ta ƙarasa ba. Kakanta ya rufe fuska da hannayensa biyu, hannayen nan masu kanta da tabon basilla, kafaɗunsa na girgiza.

"Ya tashi ya fita," yake faɗa cikin tafinsa. "Bai ƙarasa shayinsa ba. Ni na ɗauka ƙyamata yake yi, ashe kunyar abin da ya yi min ce ta fitar da shi."

"Wa?" Con ya tambayi Nuala da raɗa. "Wa ya fita? Ni fa kullum a tsakiyar labari ake kawo ni."

Wayar gidan ta ɗauki ƙara.

Nuala ta ɗaga tana share ido. Muryar 'yar Dympna ce daga Boston, tana magana da sauri. Nuala ta saurara, ta ce e, ta ce to, ta dafe bakin wayar da hannu.

"Kaka."

Bai ɗago ba.

"Kaka, likitoci sun ce ba za su jira ƙarshen wata ba. Juma'a mai zuwa za su shiga da ita. Tana tambaya wai... wai ta cire rai ne?"

Malachy ya sauke hannayensa. Ya ajiye takalmin maƙwabci a ƙasa, ya dafa tebur ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ki ce mata ta sa a ajiye kujera kusa da gadonta."

"Kaka, ko fasfo ba ka da shi! Takardar haihuwarka ma ban gano ba tukuna!"

"Wadda ta tono ni daga ƙarƙashin ɓeraye ba za ta rasa wannan ba. Ɗauko min takardun nan da na ture, da biro. Tambayar nan da hannuna zan amsa ta." Ya juya ga Con. "Kai kuma, Goma sha tara, shanye shayinka ka raka ni gidan burodi. Ba zan je wa 'yar matar nan hannu rabbana ba."

Ya miƙa hannu ya karɓi wayar daga hannun jikarsa, ya kara a kunne, ya ɗaga murya kamar tekun ne zai tsallake da ita.

"Ki gaya wa Dympna, Malachy ne. Wannan karon jirgi ba zai tashi babu ni ba. Boston zan taho!"